Taswirar Wuraren Tarihi Za Ta Hana Mu Rushe Tsohon Gidan Zango?

Wani dattijo daga kwamitin wani masallacin unguwa a Zangon Agege da ke Legas ne ya aiko da tambayar. Suna da tsohon masallaci, a jikinsa kuma akwai gidan da aka bar wa masallacin wakafi, inda fataken goro ke sauka a zamanin da. Jama'a ta yi yawa, sahu har kan titi. Kwamiti na so ya rushe duka biyun ya tayar da bene hawa uku: shaguna a ƙasa, masallaci a tsakiya, Islamiyya a sama. Sai mai zanen ginin ya ce kafin ya kai takardun neman izini, sai ya duba ko filin ya faɗa cikin taswirar wuraren tarihi da doka ta ɗaure. Alhaji na tambaya: wace irin taswira ce wannan, a hannun wa take, za ta iya hana aikin, kuma idan babu wurinsu a ciki shi ke nan su kira katafila?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Mai zanen nan naku ku riƙe shi da kyau, don da yawa ba sa wannan binciken sai jan fenti ya riga ya hau bango. Taswirar da yake magana a kai ba ta hana gini da kanta, ba ta kuma ba da izini. Aikinta irin na maigadi ne a bakin ƙofa, ya tsayar da kai ya ce dakata, wurin wa ka zo. Maigida ne mai cewa a shigo ko a koma. Kuma bisa yadda na san yankinku, zai yi wuya filinku ya fito a cikinta. Sai dai wannan rashin fitowar ba abin murna ba ne kacokan, kuma a kansa zan fi daɗewa.

A wurin masu tsara birane, kowane fili yana da abubuwan da suka ɗaure shi tun kafin mai shi ya sa hannu a aljihu. Akwai hanyar ruwa, akwai babban layin wuta da ya ratsa ta sama, akwai bututun mai, gefen layin dogo, filin da gwamnati ta riga ta karɓe, titin da aka tsara za a faɗaɗa. Kowanne ana zana shi a shafinsa, sannan a ɗora shafukan a kan juna a ga inda suka taɓa fulotin mutum. A da da takarda mai shara-shara ake yi a kan tebur mai fitila a ƙasa, yanzu a kwamfuta. Shafin tarihi ɗaya ne daga cikinsu. A kansa ake sa gine-ginen da aka ayyana, da fadoji, da tsofaffin wuraren ibada, da makabartu, da ganuwa, da wuraren da ake zaton in an haƙa za a tarar da kayan mutanen da. Taswira mai kyau ba ɗigo kawai take sawa ba. Tana zana iyakar wurin, sannan ta zagaye shi da wani yanki na kariya inda ake sa ido a kan tsawon gini da zurfin haƙa, wani lokacin har ta nuna ta ina ake hango ginin daga titi, don kada a toshe shi. Idan takardar neman izini ta iso teburin jami'i, sai ya ɗora fulotin a kai. In bai taɓa komai ba, ta wuce. In ya taɓa, sai a nemi ƙarin bayani, a tuntuɓi hukumar da ke kula da wurin, a canza zane, ko a sa sharaɗi, ko a ƙi.

A Ingila, inda irin wannan aiki ya kankama tun tuni, suna da rajista guda mai ɗauke da wurare wajen 400,000, kowa na iya buɗe ta a intanet ya sa adireshinsa ya gani. Tun 1967 dokarsu ta ba ƙananan hukumomi damar keɓe unguwa sukutum a ce yanayinta abin kiyayewa ne. A nan Legas kada ku zaci takarda guda ce da za a je sakatariyar jiha a Alausa a sayo. Abin da mai zanenku zai yi haɗe-haɗe ne, ya ɗauko nan ya ɗauko can, saboda ikon a rarrabe yake.

Na farko, izinin gini a Legas ba na ƙaramar hukuma ba ne. Jihar na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, amma ko shugaban Agege ko na Orile-Agege ba shi ke sa hannu a zanen bene ba. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2003, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya kan dokar tsara birane ta 1992, aka tabbatar cewa tsara gari hurumin jiha ne. Dokar jihar ta 2010 ce ta kafa LASPPPA mai ba da izini ta ofisoshinta na shiyya, da LASBCA mai bin aikin a fili, wadda ita ce ke zuwa da jan fenti. Wannan ɓangaren gini ke nan. Ta ɓangaren tarihi kuwa hannu biyu ne. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, ita ke riƙe da wuraren da tarayya ta ayyana. A nan Legas za a same ta a gidan tarihi na Onikan. Akwai kuma dokar jihar Legas ta 2011 kan kiyaye wuraren da aka sa a rajista, wadda ta hana canzawa ko rushe irin waɗannan wurare sai da amincewar gwamnatin jiha. Ƙaramar hukuma fa? Tsarin mulkin 1999 ya bar mata kula da makabartu da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Kada a raina wannan, don ita ce sau da yawa ta san inda tsohuwar makabarta take da sunan da titi ke amsawa kafin a canza.

Matsalar ita ce jami'in da ke duba zanenku a ofishin shiyya ba lallai ne rajistar Onikan na kan teburinsa ba. Kuma wanda ke Onikan ba ya ganin takardun neman izini suna shigowa. Amfanin taswirar ke nan tun asali, ta haɗa waɗannan mutanen biyu a shafi guda.

Duk wanda ke wannan aiki a Legas, in an ce tarihi da izinin gini, Ilojo Bar ne ke fara faɗo masa a rai. Gida ne a bakin dandalin Tinubu a cikin Ikko, wato tsibirin Legas, wanda ake danganta gininsa da 1855, irin ginin bayin da aka 'yanta suka dawo daga Brazil da sana'ar gini a hannunsu: tagogi masu baka, baranda ta ƙarfen da aka murɗa, ado na filasta a saman ƙofofi. Casa do Fernandez ake ce masa da farko, Alfred Olaiya ya saye shi a 1933. A 1956, tun kafin 'yancin kai, aka ayyana shi wurin tarihi na ƙasa. Babu wata kariya a takarda da ta fi wannan a Najeriya. Ranar Lahadi 11 ga Satumba 2016, jajiberin babbar Sallah, ofisoshi a kulle, mutane na can wurin cinikin rago, katafila ta kwantar da shi. Aka yi ta surutu a jaridu, hukumomi suka yi ta fitar da sanarwa, amma ginin da ya shekara sama da 160 a tsaye ya riga ya zama tarin ɓaraguzai.

Ni a ganina laifin bai tsaya ga wanda ya tuƙa katafilar ba. Ku duba lissafin mai gida irin wannan. Filin yana tsakiyar kasuwa, inda kowane taku kuɗi ne. Maƙwabta sun tayar da filaza suna karɓar haya. Shi an ce kada ya taɓa, kada ya canza, rufin na yoyo, katakon bene na ruɓewa, magada sun yi yawa kowa na jiran rabonsa, kuma ba a ba shi abin gyara yadda zai wadatar. Doka ta ɗora wa iyali ɗaya nauyin tarihin gari duka. Layin da aka zana a taswira ba ya toshe yoyo. Shi ya sa nake gaya wa abokan aikina cewa ranar da aka shafa wa gidan mutum launi a taswira, ranar ya kamata a zauna da shi a yi maganar sassaucin harajin ƙasa, ko taimakon gyara, ko a bar shi ya yi gini a bayan filin ya bar fuskar gidan. In ba haka ba, an dai ba shi dalilin jiran ranar hutu.

Yanzu ga yadda ake karanta ta. Idan fulotinka ya faɗa cikin iyakar wurin da aka ayyana, magana ta ƙare a ofishin shiyya, sai an ji daga hukumar da ke riƙe da wurin, kuma a rubuce. Ko fenti za ka canza, gara ka tambaya. Wannan a fili yake, ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda aka fi samun rikici shi ne maƙwabtaka. Mutum ya ce ai ni ban taɓa ginin ba, filina daban, takardata daban. Gaskiya ne, amma ƙasa ba ta san iyakar fuloti ba. A cikin Ikko ruwa na kusa, ƙasar yashi ce da laka, wasu wuraren ma cikowa aka yi. Bene mai tsawo a can sai an kafa masa turakun kankare masu zurfi. In bugawa ake yi, girgizar na shiga tsohon bangon bulon ƙasa da aka ɗaure da farar ƙasa, wanda ba shi da rodi ko ɗaya. In an haƙa rami ana zuƙe ruwa dare da rana, ƙasar da ke ƙarƙashin ginin maƙwabci na zama, sai ka ga tsaga ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi a karkace, ƙofar da ke rufuwa lafiya ta fara cijewa. In an ɗaga sabon fili ya fi na kusa tudu, ruwan damina duka ya koma gindin tsohon bango. Saboda irin wannan ake zana yankin kariya. A nan ba a cika hana gini ba; abin da ake yi shi ne sharaɗi. A haƙa turakun da na'ura mai murɗawa maimakon bugawa, a ja baya da 'yan mitoci, a rage hawa ta ɓangaren da ke fuskantar tsohon ginin, a ɗauki hoton kowace tsaga kafin a fara don kada gobe a yi musu. Wanda ya san wannan tun yana zane, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Wanda ya sani bayan ya zuba harsashi, shi ke kuka. Tun ran gini, ran zane.

Kuma taswira na yin kuskure, wannan ma a sani. Yawancin takardun safiyo na ƙasar nan an auna su ne da ma'aunin Minna, wayar hannu kuwa da hotunan tauraron ɗan'adam suna amfani da wani ma'auni na duniya. In aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da an juya lissafin ba, wuri na iya gocewa da gomman mitoci. A gona wannan ba komai ba ne. A cikin Ikko ko Zango, inda fuskar gida ba ta wuce 'yan taku ba, gocewar ta tsallake gida huɗu ko biyar. Na taɓa ganin fayil inda ɗigon wani tsohon gini ya sauka a tsakiyar kwalta, mai filin da ke jikin ginin ya fito fes kamar babu abin da ya shafe shi, wani bawan Allah a tsallaken titi kuma aka riƙe masa takarda. Sai da aka taka aka je aka gani da ido. Ga kuma sunayen tituna: tsohuwar sanarwa za ta ce titin Victoria, alhali yau Nnamdi Azikiwe ake ce masa. Ga wuraren da ba ɗigo ba ne, layi ne mai tsawo. Masu sayen gonaki da filaye ta wajen Epe su lura da Sungbo Eredo, ganuwa da gwalalo mai tsawon kusan kilomita 160 da ta zagaye tsohuwar ƙasar Ijebu, tana cikin jerin da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 1995. A cikin kurmi take, mai saye zai ɗauka kwari ne kawai ya sa a cike. Mu da muka ga yadda gidaje suka cinye badalar Kano kaɗan-kaɗan ba ma buƙatar a yi mana bayanin yadda ganuwa ke ɓacewa.

To, mu dawo Agege. A ce mai zanenku ya gama bincike ya dawo ya ce wurinku fari fat, babu launi. Me hakan ke nufi? Yana nufin babu wanda ya taɓa zuwa ya rubuta. Ku dubi irin abubuwan da suka shiga rajista a Legas: tsohon ɓangaren Iga Idunganran, fadar Oban Legas, gidan ruwa na Da Rocha a titin Kakawa, tsohuwar sakatariyar Turawa a Marina, gine-ginen cinikin bayi da na mishan a Badagry. Duk sun cancanta. Amma idon da ya zaɓe su ido ne mai neman bene, da adon filasta, da sunan wani babban mutum, da shekarar da aka rubuta a takarda. Tarihin Hausawa a garin nan ba a irin wannan suturar ya zo ba, alhali ba ƙaramin tarihi ba ne. Tun 1863 Glover, wani hafsan Turawan mulkin mallaka, ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Legas, wadda ake lissafawa cikin tushen sojan Najeriya da 'yan sandanta, kuma zaman sojojin nan da iyalansu na cikin abin da ya kafa Obalende. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Ibadan a 1901, ya isa Kano bayan shekara goma, Agege ta zama matattarar goro, Zango ya cika ya batse. Abin da wannan zamanin ya bari shi ne zaure, da rijiya, da ɗakin ajiye huhun goro mai sanyi da ƙaramar taga, da tsangaya, da filin Idi, da makabarta. Kwano ne da bulo, babu abin da zai tsayar da mai ɗaukar hoto. Don haka ba su shiga ba.

Wannan farin wurin yana da fuska biyu. Yau ya yi muku daɗi, babu mai tsayar da ku. Amma ku tuna ba ku kaɗai ke duba taswirar ba. Wanda aka ba aikin zana sabon titi ko gadar sama ko faɗaɗa layin dogo, shi ma ita yake buɗewa a ofishinsa kafin ya ja layi. Agege ta ga wannan da idonta a 'yan shekarun nan: gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a shekarar, sannan layin jirgin cikin gari da ake kira Red Line a 2024. Ayyuka ne masu amfani, ba na musu. Sai dai a irin wannan aiki, abin da ke da launi a taswira ana ƙoƙarin kauce masa tun a zane, ko a zo a zauna da masu shi. Abin da ba shi da launi kuwa awo ne kawai: murabba'in mita kaza, kwano kaza, diyya kaza. Ko matattu ba su tsira ba a tarihin garin nan. A 1971 gwamnatin soja ta jihar ta tashi makabartar Ajele a cikin Ikko don yin ginin gwamnati, aka kwashe ƙasusuwan mutane, har da na Bishop Ajayi Crowther. In an yi wa makabarta mai irin waɗannan sunaye haka, makabartar da ko a takarda babu ita fa?

Kada a fahimce ni a kan cewa ina hana ku gini. Masallaci don salla aka yi shi, kuma jama'ar da ke salla a kan kwalta cikin ruwan sama hujja ce mai ƙarfi. Musulmin Legas sun taɓa fuskantar wannan zaɓin a babban mataki. Tsohon babban masallacin Ikko, wanda aka gama a 1913, an rushe shi aka gina na yanzu da aka buɗe a 1988. An sami wuri mai ɗaukar jama'a, an kuma rasa ginin da yanzu sai a hoto. Ba nisa da shi ga masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894 gwamnan Turawa Carter na wurin, Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya aiko da wakili. Yana nan a tsaye, ƙarami, a matse tsakanin shaguna, ana salla a ciki. Kowanne da abin da ya samu da abin da ya bayar. Abin da na ƙi shi ne a yi zaɓin ba tare da an san ana zaɓi ba. Kuma tsakanin rushewa duka da barin komai akwai fili mai faɗi. Tsohon kurkukun titin Broad ya zama Freedom Park a 2010, an bar katangarsa an canza masa aiki. Gidan Jaekel na harabar jirgin ƙasa a Ebute Metta, ginin 1898, ƙungiyar Legacy ta gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi.

A bayaninku kun ambaci zauren gidan, da ƙofarsa ta katako mai manyan ƙusoshi, da rijiyar tsakar gida wadda igiyar guga ta yi wa bakinta gurbi-gurbi. Ni da za a bi ta tawa, zan ce wa mai zane ya gwada zane na biyu wanda ya bar zauren a matsayin mashigar Islamiyya, benen ya tashi a bayansa. Za ku rasa shago ɗaya, wataƙila biyu. Ku sa ya lissafa muku hayar da za a rasa a shekara, a faɗa wa jama'a adadin a fili, su yanke. In injiniya ya duba ya ce bangon ba zai ɗauku ba, to a cire ƙofar a mayar da ita a sabon ginin, a rufe rijiyar da murfi mai kyau a bar ta a inda take. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne kabari. Tsofaffin gidajen malamai da na masu masauki wani lokaci akwai wanda aka binne a bayan gida. Ku tambayi tsofaffin unguwa, musamman mata, don su suka fi riƙe irin wannan, tun kafin a kawo lebura. In akwai, maganar ta koma hannun malamai da iyalan mamacin kafin ta zo hannunmu. Haka shi kansa canza fasalin wakafi, malamanku ne za su faɗi iyakarsa.

Game da takardu, ku fara da safiyo mai rajista ya kai awon filin ofishin Babban Safiyon jiha a duba matsayinsa. Wannan zai nuna ko filin na cikin wanda gwamnati ta karɓe ko kan hanyar wani aiki, kuma a yankinku kusa da layin dogo wannan ya fi maganar tarihi yiwuwar tsayar da ku. Mai zane ya duba tsarin raya yankin Agege da Ifako-Ijaiye, ya ga me aka ware wa layinku da hawa nawa aka yarda. Sannan kwamiti ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya zuwa Onikan, ɗaya zuwa ma'aikatar yawon buɗe ido da al'adu a Alausa, da kwafin awon filin da hotuna, a tambaya ko wurin ko wani abu a kusa da shi na cikin rajista. A karɓo amsa a rubuce da hatimi, a sa a fayil. “Wani jami'i ya ce babu komai” ba ta tsayawa a gaban kowa in an canza jami'in. Rushewa ma sai da izininta, daban da na gini. Kuma duk wanda ya zo ya ce ku kawo wani abu zai daidaita muku komai cikin mako guda ba tare da waɗannan matakan ba, ku ba shi ruwa ya sha ya kama gabansa. Kuɗin jama'a ne a hannunku.

Ko kun yanke rushewa, kada a cire kwano ko ɗaya sai an auna ginin an zana shi yadda yake, an ɗauki hoton kowane ɗaki ciki da waje, an zaunar da dattawa an naɗi muryarsu: wa ya gina, daga wane gari ya zo, su wa ke sauka, ina ake shanya goro, wane malami ya fara karantarwa a zauren. Ɗaliban zane na jami'ar Legas ko na kwalejin fasaha ta Yaba na neman irin wannan aikin don karatunsu, kuɗin mota da abinci kawai zai ci. A ajiye kwafi a masallaci, a kai ɗaya fadar Sarkin Hausawa, a kai ɗaya hukumar adana takardun tarihi ta jiha.

Saura tambayar da ba ku yi ba amma za ta taso a kwamiti: mu nemi a sa wurinmu a rajista? Ku yi tunani sosai, don in ya shiga, hannunku ya ɗauru, gyara ma sai da izini, kuma kun ji yadda ta kaya da masu Ilojo. Ga gini irin naku da ake son faɗaɗawa, ban ba da shawarar haka ba. Amma ga makabarta da filin Idi, wuraren da ba ku da niyyar ɗora bulo a kansu har abada, ɗaurin bai rage ku da komai ba, kariya ce zalla. Waɗannan su ya kamata shugabannin Hausawan Agege, da na Idi-Araba, da Obalende, da Mile 12 su sa a auna da safiyo, a fitar da iyakarsu da lambobi, a kai wa ma'aikatar tsara birane da ƙaramar hukuma, a kuma kai lokacin da ake sabunta tsarin yanki ana kiran masu ruwa da tsaki. A irin wannan zaman ake shafa launi, kuma galibi kujerunmu a wurin babu kowa a kai.

A zaman kwamiti na gaba, ku ce wa mai zane ya zo da shafi guda babba: fulotinku a tsakiya, duk abin da ya ɗaure shi an zana da launinsa, a ƙasa an rubuta inda aka samo kowane layi da shekararsa da ma'aunin da aka yi amfani da shi. Ya zo da zanen nan biyu, mai zaure da marar zaure, kowanne da kuɗinsa da yawan sahun da zai ɗauka. In an sami wani layi da ya kasa faɗin inda ya samo shi, a ɗage zaman sai ya nemo.